Keken Surfanin Alhaji Sabo da Rigar Kansila

Gara in faɗa da bakina tun yanzu, kafin Alhaji Sabo tela ya ji labarin ina rubutu ya aiko da nasa bayanin: wawan labarin nan ni ne. Na amsa, ba sai an kira shaidu ba. Amma ku samarin da kuke taruwa a shagon ɗan ƙanena can wajen Ƙofar Ɗan Agundi, kowa da kwamfuta a cinya kamar mai tsintar shinkafa, kada ku yi saurin dariya. Wautata ta mai sana'a ce, sai da na yi shekaru ina koyo kafin na isa yin irinta. Taku kuwa kullum kuke yi, ba ku ma san sunanta wauta ba.

Abin da ya tayar min da zancen, rannan ina zaune a shagon ina shan shayi, na ga ɗayanku yana son manhajarsa ta duba ranar da aka ajiye wani fayil. Abu ne da yaren kwamfutar da yake rubutu da shi ya zo da shi tun daga gida, layi biyu an gama. Sai yaron nan ya shiga intanet ya jawo kayan wani mutum, kayan mutumin suka jawo na wani, na wanin suka gayyato danginsu, allon kwamfutar yana ta gudu kamar ana sauke kayan jere. Na tambaye shi wa ya rubuta abin da ya zuba a cikin aikinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wai mutane da yawa sun ba shi tauraro, wato alamar yabo a intanet. Na ce madalla, Allah ya bar tauraro. Da na fara yi masa faɗa sai na kusa da shi ya ce, ai su Baba Iro a zamaninsu ba su da zaɓi ne. Wannan maganar ce ta ƙona min rai. Muna da zaɓi sarai, kuma zaɓin nan ya kusa rufe shagon mutum.

Bari in yi bayani saboda wanda bai sani ba, don na ji an ce har iyayenku za a karanta wa. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce mai gidan. Faifai a hannunta yake, da firinta, da agogo, da ƙofofin nan na baya da ake soka waya. Manhajar da kai ka rubuta ba ta isa ta taɓa ko ɗaya da hannunta ba, sai ta aika a roƙo mata. 'Yan aiken kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ya zo tare da yaren, masu boko suna ce masa laburaren asali, ni kayan gida nake cewa. Shi duk kwamfutar da ka kai shi zai yi maka aiki, bana da baɗi, sai dai iyakarsa zaure: buɗe fayil, rubuta, karanta, rufe, gaya min ƙarfe nawa. Akwai kuma wanda wani can daban ya zauna ya rubuta, ya ɗaura shi a jikin babbar manhajar ta yadda zai shiga har ƙuryar ɗaki ya ɗauko maka abin da na gida bai ma san da shi ba. Wannan dillali ne. Ya fi sanin hanya, amma ba ɗan gidanku ba ne, ranar da ya ga dama sai ya daina zuwa. Rabin sana'ar nan tamu, in aka cire ciwon baya, sanin wanda za ka aika ne.

Ni ba boko ne ya kawo ni nan ba. A aji uku na sakandare muka rabu da makaranta, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Gyaran tafireta na koya, har yau a Madabo in ka ce Iro Tafireta yara za su nuna maka gidanmu, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin tafireta a cikinsu. Da na ga ofisoshi sun fara jibge kekunan rubutu a baranda ruwa yana dukansu, sai na liƙe wa Malam Isiyaku, wani dattijo da ya yi ritaya daga ɗakin kwamfutar banki ya buɗe shagon buga takardu. Da sunan gyaran firinta na shiga wurinsa, don ita ma ribon gare ta da haƙora irin na tafireta. Ban sake fita ba.

A wurin Malam Isiyaku a takarda ake rubuta manhaja, saboda wuta ba ta zama. Ka rubuta da fensir, shi kuma ya ɗauki jan biro ya zama kwamfutar da kansa, yana bin layi da yatsa. Sai ka ji ya ce, nan na buɗe fayil, ina ka rufe shi? In ba ka rufe ba, zai sa ka tashi ka rufe ƙofar shago ka buɗe, ka rufe ka buɗe, har maƙwabta su fara leƙe, ni kuwa a lokacin magidanci ne da 'ya'ya. Sai an kawo wuta, takardarka kuma ta tsira daga jan biro, sannan za ka taɓa madannai. Littafin yaren guda ɗaya ne a shagon, bangonsa ya daɗe da tafiya, Turancinsa kuma ba a yi shi don ɗan aji uku ba. Abin da na kasa fahimta sai na haddace. Ƙarshen littafin nan, inda aka jera kayan gida kaf, ko yau aka tashe ni daga barci zan kawo shi. Kayan aikina kuwa sukudireba ne, da tsohon burushin haƙori na share ƙura, da ƙarfen narka dalma, da faya-fayan filofi a cikin gwangwanin biskit. Ku da kuke cewa aikinku yana ajiye a sama, can cikin intanet, ba ku san yadda mutum yake ji ba in ya buɗe gwangwani ya tarar uwargida ta kwashe faya-fayan ta zuba daddawa.

Aikin da ya fara fito da sunana na wani mai fatu ne, yana son kwamfuta ta riƙa buga masa takardar da ake liƙawa a kan kowane ɗauri, da manyan baƙaƙe da zane a gefe, don Turawan da yake aika wa su san ba da ƙaramin mutum suke hulɗa ba. Kayan gida ba su san ado ba. Sai ga shi a wata tsohuwar mujallar ƙasar waje da na saya a gwanjo na tarar da faifai a maƙale, a ciki akwai dillalin da ke sa firinta ta yi duk rawar da kake so. Na ɗauka na sa. Takarda ta fito kamar daga maɗaba'a. Daga nan duk wanda ya kawo min aiki sai na cusa masa dillalin nan: mai kemis, mai makarantar kuɗi da ke buga sakamakon yara, mai sayar da taya. Har tafiyata ta canza.

Sai muguwar shekara ta zo, can ƙarshen mulkin soja, lokacin da mota take kwana a layin mai. Kwamfutoci 'yan kwatano suka shigo gari da sabuwar babbar manhaja, masu hali suka fara sauya tsofaffin. Duk wanda ya sauya, abin da na rubuta da kayan gida sai ya tashi ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba, dillalin nan kuwa ya kwanta ya ƙi motsi. Na ce bari in buɗe cikinsa in gyara, ashe mai shi ya rufe ruf, ba ka ganin yadda aka haɗa. Na rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke jikin faifan, da Turancina na ranar Sallah, har yau ina jiran amsa. Tun ban karya ba ake sallama da ni a ƙofar gida. Mai makaranta ya zo da iyayen yara a bayansa. Ga babur babu mai, haka na riƙa zaga gari a ƙafa da gwangwani a hammata, ina sake rubuta kowane aiki daga tushe da kayan gida zalla. Takardun suka koma munana, amma suna fita. A shekarar na yi rantsuwa, kayan wani baƙo ba za su sake shiga aikina ba. Kun ga dai ba haka kawai na zama mai taurin kai ba, da dalili.

To sai sojoji suka ce za su koma bariki. Ku ba ku ga garin nan a lokacin ba. Duk wanda ke da 'yan'uwa goma a unguwa ya ga ya dace da kansila, kuma ba a neman ƙuri'a da riga 'yar shara. Babbar riga ta dawo da ƙarfinta, masu surfanin hannu suka kasa ɗauka, don aikin riga ɗaya sai ya ci wata da watanni, 'yan siyasa kuma ba sa jira. Alhaji Sabo, abokina tun makarantar allo, tela ne a Kabara da ake girmamawa, ya tattara abin da yake da shi ya sayo tsohon keken surfani mai aiki da kwamfuta. An ba shi faya-fayai cike da zane, sai dai bakin da keken yake karɓar faifai ya mutu tun a hanya. Saura ƙofa ɗaya a bayansa, ta waya. Ya aiko a kira ni, ya ce, Iro, ga keke ga kwamfuta, ka sa su yi magana.

Na haɗa wayar da hannuna, na narka dalma, na gwada kowane sili. Sannan na rubuta manhajar da kayan gida: a buɗe ƙofar bayan kwamfuta kamar fayil, a ɗebo zanen daga faifai, a zuba. Muka ɗaura ƙyallen akoko, na danna. Allura ta fara rawa ita kaɗai, fure ya fito tsaf. Mutanen layin suka cika ƙofar shago, wani tsoho ya yi ta neman tsari. Alhaji Sabo ya riƙa nuna ni yana cewa tare muka sha bulala a wurin malam, shi ya sa kan ya buɗe.

A cikin masu kallon akwai Bilkisu, 'yar yayar Alhaji Sabo, ta gama karatun kwamfuta a jami'a tana jiran tafiya bautar ƙasa. Ita ce ta ɗauki littafin keken, wanda ni na ɗora kofin shayi a kai, ta zauna ta karanta. Bayan kwana biyu ta same ni a shagon, ta gaishe ni da ladabi, ta ce Baba Iro akwai abin da ta gani. Wai cikin keken ƙarami ne, ba ya ɗaukar babban zane gaba ɗaya. In ya cika sai ya turo alama ta wayar cewa a dakata, in ya samu wuri ya turo wata cewa a ci gaba. Manhajata kuwa zubawa kawai take yi, ba ta sauraro.

Kada ku ɗauka ban gane ba. Na gane sarai, kuma na san inda matsalar take. Kayan gida sun iya sauraro, amma irin sauraron da in ka ce su saurara sai su ajiye komai su zauna, in ba a yi magana ba su kwana nan. Ba su iya zubawa da hannu ɗaya kunne yana jiran kira ba. Wannan sai an shiga ƙuryar babbar manhaja. Bilkisu ta buɗe jakarta ta fito da faifai, ta ce ga wanda suke amfani da shi a ɗakin gwaje-gwajensu, an yi shi don wannan aikin kawai, yana jin dakata yana jin ci gaba. Ta ce mai shi bai rufe cikinsa ba, duk rubutun yana nan kowa ya karanta, har da bayani.

Ni kuwa ina ganin faifan nan sai na ga mai makaranta da iyayen yara a ƙofar gidana. Na gyara zama na yi mata lacca. Na ce yarinya, ku jami'a ta koya muku aro, mu wuya ta koya mana riƙe namu. Na ce na riga na yi maganin abin, na auna saurin allurar, na sa manhajar ta riƙa zuba kaɗan tana hutawa, zuba kaɗan tana hutawa, daidai yadda keken yake cinyewa, cikinsa ba zai taɓa cika ba. Ta ce to in keken ya tsaya fa? Na ce me zai tsayar da shi, ga janareta? Ta dubi kawunta. Alhaji Sabo ya ce, "Bilki, bar shi. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san Iro." Ta mayar da faifanta jaka.

Aikin da ya tona ni na Alhaji Ubale ne, wanda ya ci kansilan mazaɓarsu. Ya kawo farar shadda mai nauyi, irin wadda in an buɗe ta take ƙara, ya ce ita zai sa ranar rantsarwa, yana son surfanin aska ya sauko daga wuya ya cika aljihu, kowa ya san an yi sabon kansila. Bayansa kuma ga shaddojin mutanensa an jibge a kan benci, duk wanda ya yi masa wahala za a ɗinka masa. Ya ce in rigarsa ta yi kyau, shagon nan ya zama na jam'iyya. Alhaji Sabo ya ƙi karɓar aikin kowa a makon. Zanen babba ne, ya ninka cikin keken nesa ba kusa ba, saboda haka na gwada shi a kan akoko tukuna. Ya tafi daga farko har ƙarshe babu tangarɗa. Na so a ce Bilkisu tana nan ta gani.

Ana jibi rantsarwa, da hantsi, aka ɗaura shaddar. Na danna, allura ta kama aiki, wuya ya fito kamar a lasa. Da na ga komai yana tafiya sai na fita bakin titi sayen rake. Ina can ina zaɓar mai kauri, zare ya tsinke.

Yanzu ku tsaya ku ji, don a nan nake son a yi min adalci. Wa ya taɓa zaunar da ni ya ce zare yana tsinkewa? Na san za ku ce kowa ya sani, har uwata da ke ɗinkin hula ta sani. To amma ni a lissafina babu zare. Saurin allura na auna. Keken da ya ji zare ya tsinke sai ya tsaya, yadda aka yi shi ya yi. Alhaji Sabo ya zo a natse ya lashi bakin zaren, ya nemi tabarau, wani ya yi sallama ya amsa, suka tambayi iyali har da na ƙauye. Duk wannan lokacin kwamfutata tana zuba kaɗan tana hutawa, zuba kaɗan tana hutawa, cikin ladabi, yadda na koya mata. Cikin keken ya cika. Ya turo dakata, babu mai ji. Abin da ya biyo baya ya zube a ƙasa, wato ya ɓace.

Irin wannan keke ba ya sanin inda yake a jikin riga. Kowane ɗinki daga na bayansa ake lissafa shi, matsa dama kaɗan, sauka kaɗan. In wani yanki ya ɓace a tsakiya, ba gurbi zai bari ba, duk abin da ya rage sai ya goce gaba ɗaya. Alhaji ya zura zare, ya tayar da keke, ya ga allura ta kama, ya raka baƙonsa ƙofa. Da na dawo da rakena muka tsaya a waje muna sha, muna jin ƙarar keke muna jin daɗi. Lokacin da muka shiga, askar da ya kamata ta sauka aljihu ta ɗauki hanya ta nufi hammata, kyakkyawa da ita, babu zare ɗaya da ya kauce, sai dai ba a nan ake sa ta ba.

Duk tela zai gaya maka shadda ba ta yafiya. Ka farke aikin, ramukan allura suna nan reras kamar an yi mata shasshawa. Alhaji Sabo ya gwada da reza a gefe ɗaya, ya ga abin da ya bari, ya ajiye rezar. Da yamma Alhaji Ubale ya zo da mutanensa ganin yadda aiki yake tafiya. Ya ɗaga rigar sama, ya juya ta, ya karkata kai ko za ta miƙe. Sannan ya ce, "Alhaji, wannan in na sa, 'yan adawa ba sai sun je kotu ba." Mutanensa suka kwashe shaddojin da ke kan benci ɗaya bayan ɗaya, a gaban duk 'yan layin da suka taru ranar fure. Kafin Juma'a labari ya zaga Kabara cewa keken Sabo aljanu gare shi, yana kai aljihu hammata. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba, aka koma ana tsallake shagonsa har da kawo cin wando.

Ni kuma na fusata. Na fusata da mai zaren, na fusata da wanda ya ƙera keke da ɗan ƙaramin ciki kamar na tsuntsu, na fusata da baƙon da ya tsaya tambayar mutanen ƙauye. Na koma gida na ce tunda kayan gida ba sa shiga ƙurya, dillali kuma na rantse, to ni da kaina zan shiga. Na aro littafin babbar manhajar, mai kauri kamar tubali, na zauna da shi da ƙamus. Na koyi yadda ake ce mata ta taɓa ni duk lokacin da alama ta shigo ta waya, ba tare da na ajiye zubawa ba. Kwamfutata ta sandare ban san iyaka ba, in kashe in kunna. Makonni na yi ban leƙa Kabara ba. Daga ƙarshe abin ya tashi, kuma ina gaya muku, a duk rayuwata ban rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Ƙarami, mai sauri, babu hannun baƙo ko ɗaya a ciki.

Tunda ku nake rubuta wa, ga abin da na sani yanzu, wanda da na san shi a lokacin da rigar kansila ta tsira. In kayan gida za su yi aikin, ka tsaya nan, kada tauraro ya ruɗe ka, shi ya sa na yi wa wancan yaron faɗa kuma ban janye ba. In ba za su yi ba, kada ka yi musu dabarar zuba kaɗan a huta, don dabara tana aiki ne har ranar da zare zai tsinke. Ka nemi dillali, amma ka leƙa cikinsa tukuna. Wanda ya cuce ni a muguwar shekara ba baƙuncinsa ne ya cuce ni ba, rufaffen cikinsa ne. Sannan ka ajiye shi a lungu ɗaya na aikinka, kada ka bar shi ya bazu ko'ina, yadda ranar da ya mutu lungun kawai za ka sake. Wannan duk daga baya na tattara shi. A ranar da nake ba ku labari, abin da na sani kawai shi ne na yi nasara.

Na sa faifan a aljihu na hau babur sai Kabara. Tun daga bakin layi na ji ƙarar keke. Ashe bayan tafiyata Bilkisu ta zo da faifanta, ta ɗauki manhajata ta cire hutawar nan, ta sa dillalinta a gurbin, tsakanin azahar da la'asar ta gama. Alhaji Sabo ya samu aikin bajon wata makarantar Islamiyya, irin aikin da a da ba zai kalla ba, yana yi yana lallaɓa sunansa ya dawo. Na tarar da su biyun, shi yana yanke zare, ita tana jera zane.

Na ce a cire wannan a sa nawa. Na ce a kawo almakashi a gani. Aka ɗaura akoko, aka sa babban zanen kansila, yana tsakiyar tafiya na datse zaren da hannuna. Keke ya tsaya, kwamfuta ta tsaya. Na ce Alhaji ya je ya gaisa da duk wanda ya ga dama. Aka zura zare, aska ta sauka aljihu daidai. Bilkisu, Allah ya yi mata albarka, ba ta da ƙyashi, ta ce nawa ya fi nata sauri, kuma ba ta taɓa zaton mutum zai yi wannan shi kaɗai da ƙamus ba. Sai ta ce bari ta ga rubutun. Ta buɗe, ta gangara ƙasa, ta dawo sama. Ta tambaye ni mene ne wannan da na sa wa suna "wancan", da kuma wannan da na sa wa "wancan na biyu", kuma me ya sa ake ninka wata lamba a nan ba a faɗi dalili ba. Na ce mata ai wannan ba karatun jami'a ba ne, duk garin nan ni kaɗai na san yadda yake tafiya. Da alfahari na faɗa.

Sannan na juya kan Alhaji Sabo, don shi ne mai keke. Na tuna masa shekarar da na zaga gari a ƙafa. Na ce wanda ya rubuta na Bilkisu ba mu san shi ba, ba mu san garinsu ba, gobe yana iya ɓacewa kamar yadda wancan ya ɓace, a bar shi da keke yana kallo. Na ce nawa kuwa ga ni ga shi, Madabo ce, ko a ƙafa ya zo zai same ni. Na yi maganar da kyau ƙwarai, har ni kaina ta burge ni.

Alhaji Sabo ya gama yanke zaren da ke hannunsa, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Iro, shi wanda kake tsoron ya ɓace, ya bar bayaninsa, Bilki ta karanta ta gane, gobe wani ma zai gane. Kai fa? Ga hawan jini, ga babur babu birki. In ka faɗi gobe, keken zan ɗauka in bi ka da shi maƙabarta?"